Kashin jemage a silin da tarin da ya ƙi jin magani

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin lafiya na wannan zaure ku taimaka min da shawara, hankalinmu a tashe yake. Ƙanin maigidana ne da abokansa biyu suka karɓi aikin sauke silin ɗin wata tsohuwar makaranta da za a canja wa kwano. Suna ɓalle silin ɗin kashin jemage ya zubo musu, baƙi ƙirin, wanda ya yi shekara da shekaru yana taruwa. Da tsintsiya da shebur suka kwashe shi suka ɗura a buhuna, babu takunkumi, shi dai ya ce hankici ya ɗaura a hanci. Bayan kamar mako biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, ga busasshen tari, ga ciwon ƙirji, ga kasala. An yi masa maganin maleriya, an yi na taifod, shiru. Da ƙyar ya samu kakin da aka kai gwajin tibi, sakamako ya fito babu. Hoton ƙirji kuma an ce akwai tabo-tabo a huhu. Yanzu wani ma'aikacin lafiya ya ce a fara ba shi maganin tibi haka nan a gani. Ni dai zuciyata ta kasa rabuwa da kashin jemagen nan. Shin yana iya jawo irin wannan?

Hajiyar Nima: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne.

Ɗan Fadama: Amin. Hajiya, ƙura ce kawai ta shige masa ƙirji. A haɗa masa citta da kanumfari da zuma, ya riƙa yin sirace safe da yamma. Mu da muke zuba kashin jemage a gonar albasa tun muna yara, ga mu nan garau.

Malamin Lab: 'Yar uwa, sauran biyun fa, lafiyarsu ƙalau? Sannan kafin aikin nan yana tari ko yana ramewa? Akwai mai tibi a gidan?

Uwar Biyu: Malam, kafin aikin nan ko mura ba ya yi, ƙato ne mai ƙarfi. Babu mai tibi a gidan. Ɗaya daga cikin abokan shi ma ya kwanta a satin, irin ciwon ɗaya sak, amma nasa ya fara sauƙi. Na ukun shi ne yake waje yana karɓar buhuna, babu abin da ya same shi.

Likitan Ƙirji: Hajiya, kin yi tunani mai kyau, kuma amsar da kika ba Malam ta fi hoton ƙirjin muhimmanci a wurina. Mutum biyu sun shaƙi ƙura ɗaya a ɗaki ɗaya, sun kwanta a sati ɗaya, wanda yake waje ya tsira. Tibi ba ta cika zuwa haka ba. Ita a hankali take cin mutum, wata da watanni, da rama da gumin dare.

Akwai cutar da ake kira histofilasmosis. Wata irin funfuna ce ke kawo ta, sunanta histofilasma, tana rayuwa a ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya daɗe yana zuba, domin takin shi ne abincinta. Muddin tulin yana zaune ba a taɓa shi ba, da sauƙi. Ranar da aka sa tsintsiya ko shebur, 'ya'yanta su tashi cikin ƙura. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, hankici a wurinsu kamar rariya ne a wurin ruwa. Suna wucewa har can ƙarshen huhu. Da sun ji ɗumin jikin mutum sai su sake kama, su koma ƙwayoyi irin na yis ɗin burodi, su shige cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da aka turo su cinye su, su ci gaba da hayayyafa a ciki. Alamu kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 17 bayan an shaƙa: zazzaɓi, tari, ciwon ƙirji, ciwon kai, ciwon jiki, kasala. Lokacin da kika faɗa ya faɗo cikin wannan tsakanin.

Ban ce ita ce ba, domin ba a gane cuta ta waya, kuma nimoniya ta yau da kullum ko kumburin huhu saboda ƙurar kanta suna iya yin kama da haka. Abin da nake so ki yi shi ne ku kai shi asibitin koyarwa ko babban asibitin tarayya mafi kusa, ɓangaren masu ciwon ƙirji. Kafin likita ya tambaya ku faɗa masa da bakinku: ya kwashe kashin jemage a rufaffen wuri, ba takunkumi, kuma abokin aikinsa ma ya kwanta. Marasa lafiya da yawa ba sa faɗin wannan saboda suna ganin ba shi da alaƙa, mu kuma layi ya yi mana yawa ba ma tambayar sana'ar mutum. Idan numfashi ya fara yi masa wuya, ko leɓensa ya sauya launi, ko ya fara ruɗewa, kada ku jira gari ya waye.

Ɗan Fadama: Likita, ranka ya daɗe, ba musu nake yi ba, amma ka duba. Kakana ya yi amfani da takin nan, babana ya yi, ni ma ina yi. Ya fi takin zamani ƙarfi, ga buhun takin zamani ya gagari talaka. Da yana kisa ai da garinmu ya ƙare.

Likitan Ƙirji: Maganarka gaskiya ce, Malam, kuma ba ta karya tawa ba. Mafi yawan waɗanda suka shaƙi funfunar nan ba sa ma sanin sun shaƙa. Wasu su yi 'yar mura ta wuce. Abu biyu ne ke raba mai tsira da mai kwanciya: yawan abin da ya shiga huhu, da ƙarfin garkuwar jikin mai huhun. Kai kana watsa taki a fili, iska tana ɗauke ƙurar. Su kuwa a cikin aji suke, tulin shekaru ya zubo musu a ka.

Ga abin da ya faru a Jamhuriyar Dominika a 2015. An ɗauki leburori 36 su kwashe kashin jemage daga cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa na wata madatsar ruwa mai ba da lantarki, ba tare da kayan kariya na kirki ba. Mutum 30 suka kwanta, 3 suka rasu. Majiya ƙarfi ne masu aikin shebur, irin ƙanin mijin Hajiya. Kuma ka tuna, a garinku ma idan wani ya kwashe taki ya kwanta da tari, me za a ce? Za a ce sanyi ne ko tibi. Babu wanda zai waiwayi takin.

Mai Kula da Tibi: Ina neman afuwa, Likita, amma dole in sa baki, domin a cibiyar raba maganin tibi nake aiki. Ina tsoron mutane su karanta wannan su fara cewa tarinsu na jemage ne, su ƙi karɓar magani. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tibi. Mun sha wahala kafin mutane su yarda su kawo kaki. Sannan gwajin GeneXpert, na'urar da ke neman tibi a cikin kaki, yana iya cewa babu alhali akwai, musamman idan kakin da aka kawo miyau ne kawai, kamar yadda nake zargin na wannan bawan Allah. Maganin kyauta ne, wata shida ne. Duk wanda ya yi tari na mako biyu, tibi ce farkon abin nema, ba wata cutar da ko na'urar gwada ta ba mu da ita ba.

Likitan Ƙirji: Ban ƙi ko ɗaya ba, Yaya. A sake gwajin tibi da kaki mai kyau, na goyi baya ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda gwaji ya nuna yana da ita ya sha maganinsa har ƙarshe. Mutum ma yana iya ɗauke da duka biyun. Inda na tsaya shi ne kalmar nan ta "a fara a gani". Ka san rifamfisin da ke cikin haɗin maganin tibi yana sa hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri. Itirakonazol, wanda shi ne babban maganin histofilasmosis, yana cikin waɗanda ya fi lalatawa, har ya zama kamar ba a sha ba, kuma tasirin ba ya gushewa ranar da aka daina. Ke nan idan aka ɗora mutum a kan maganin tibi bisa zato, ba lokaci kaɗai aka ɓata masa ba, an kuma wahalar da maganin da zai yi masa amfani. Ka faɗa min tsakaninka da Allah, a cikin waɗanda aka ɗora bisa hoton ƙirji kawai, babu waɗanda suka kai wata biyu, uku, ba sauƙi?

Mai Kula da Tibi: Akwai su. Mukan ce ko ba sa shan maganin daidai ne, ko tibi ce mai bijire wa magani. Amma ka ba ni abin da zan gwada su da shi mana. Ba zan iya ce wa mutum ya koma gida ba magani ba.

Malamin Lab: Nan ne gizo yake saƙa. Gwajin yana nan, samunsa ne aiki. Wanda ya fi sauƙi na fitsari ne, ana neman wani sinadari da funfunar ke zubarwa, kuma ya fi kamawa idan cutar ta yaɗu a jiki ko an shaƙi ƙura mai yawa. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin gwaje-gwajen da ya kamata ƙasashe su tanada, a 2020 kuma aka fitar da ƙa'idojin gano cutar da maganinta ga masu ɗauke da HIV. A 2022 hukumar ta fitar da jerin funfuna 19 masu haɗari ga ɗan Adam, histofilasma tana ciki. Duk da haka a nan sai a ɗaiɗaikun manyan asibitoci da wuraren bincike. Shuka samfuri a lab don funfunar ta tsiro yana iya cin makonni, kuma yana da haɗari ga mu masu aikin idan babu akwatin kariya. Wani lokaci mai duba jini ko ɓargo ko tsokar da aka yanko a madubin likita yana ganin ƙwayoyin cunkushe a cikin ƙwayoyin garkuwa, amma sai wanda ya san abin da yake nema.

Don kada a ce ba mu da ita: an yi bincike a cibiyoyi goma a faɗin Najeriya, aka wallafa a 2022, aka gwada fitsarin mutum 988 da HIV ta ci ƙarfinsu. An samu alamar cutar a jikin kashi 7.7 cikin 100. Ku lissafa yawan masu irin wannan hali a ƙasar nan.

Bakanon Ohayo: Salamu alaikum jama'a. Ni a nan inda nake zaune a Amurka cutar nan ba baƙuwa ba ce ko kaɗan. Kwarin kogin Ohayo da na Misisipi su ne matattararta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce tsakanin kashi 60 zuwa 90 cikin 100 na mazauna yankin sun taɓa shaƙarta a rayuwarsu. Mutum zai je hoton ƙirji don wani dalili daban, a ga ɗan tabo da ya daskare, likita ya ce tsohon sawun funfunar ne. A birnin Indiyanafolis an yi ɓarkewarta a 1978 zuwa 1979, an ƙiyasta sama da mutum dubu ɗari sun kamu. A nan mai rushe tsohon gini ko mai share akurkin kaji ya san da ita, likitan unguwa ma ya san da ita. Wannan sanin ne kawai suka fi mu.

Kuma ba a Amurka aka fara ganinta ba. Wani likita Samuel Darling ne ya fara bayyana ta a 1906 a Panama, lokacin haƙa mashigin ruwan nan, daga gawarwakin da ya bincika. Shi ma bai gane funfuna ce ba, ya ɗauka wata ƙwaya ce dangin masu kawo maleriya. Sai a 1934 aka tabbatar da asalinta.

Ɗan Fadama: To ka ji. Can ƙasar sanyi ce da damshi. Mu nan zafin Afrilu kaɗai ya isa ya ƙone kowace funfuna.

Malamin Lab: Gaskiya ne ta fi son damshi, Malam, amma muna da damina, muna da fadama, muna da kwano mai yoyo a kan silin. Bayan haka Afirka tana da nata nau'in na daban, wanda ake kira dubuwazi, an bayyana shi a 1952, kuma a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya fi yawa. Shi bai cika tsayawa a huhu ba. Fata yake fitowa, da ƙashi, da kaluluwa: ƙuraje masu tauri, marurai da ba sa warkewa, kumburin ƙashi da za a yi ta yi wa ɗori ko a ce daji ne. An daɗe ana neman inda yake zaune a ƙasa, sai a 1994 Farfesa Gugnani da abokan aikinsa suka ba da rahoton samunsa a kogon Ogbunike da ke jihar Anambra, a cikin ƙasar da ta gauraya da kashin jemage, suka kuma same shi a hanjin jemagen kogon. Idan ka ce can kudu ne, a 1998 an wallafa rahoton mutum huɗu masu wannan nau'in daga arewa maso gabas, inda zafin ya fi naku.

Sista Mai Dare: Bari in ƙara abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Likita ya ce ƙarfin garkuwa, to su waye masu raunin garkuwar? Masu HIV da ba sa shan magani ko suka daina, musamman idan ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4 sun yi ƙasa da 200 a gwajin jini. Jarirai. Tsofaffi. Masu shan maganin daji. Waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. A jikin irin waɗannan cutar ba ta tsayawa a huhu, tana bin jini ta shiga hanta da saifa da ɓargo, ta fito da gyambo a baki, kuma idan ba a yi magani ba kisa take yi.

Sai kuma 'yan uwana mata, ku ji ni da kyau. Ƙwayoyin ƙiba da ake sha, su sha-ka-fashe, da yawansu dezametazon ne ko danginsa. Wannan maganin aikinsa ke nan danne garkuwar jiki. Mace tana sha kullum don ta yi kumatu, sannan ita ce mai share ɗakin ajiya da akurki da ɗakin tantabaru. Haka masu sayensa a kemis don ciwon gwiwa ko asma ba tare da likita ba. Uwar Biyu, ki tabbata ba a ba shi irin wannan ba da sunan maganin tari, idan kuma an ba shi a faɗa wa likita. Kuma idan aka ce za a yi masa gwajin HIV kada ya ji an zarge shi, ƙa'idar aiki ce ga duk mai irin wannan ciwo.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa maigidan duka, ya ce gobe da asuba za su tafi. Tambaya biyu. Mun ware masa kofi da kwano, mun hana yara shiga ɗakinsa, har matarsa tsoro take ji. Ana ɗauka? Sannan sunan maganin da Likita ya faɗa, ko mu saya ya fara sha kafin goben?

Likitan Ƙirji: Idan histofilasmosis ce, ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, ba ta tari, ba ta kwano, ba ta kwanciya. Daga ƙura take zuwa. Amma tunda ba a gama kore tibi ba, a bar tagogi a buɗe, ya riƙa rufe baki in zai yi tari, ƙananan yara su ɗan ja baya har sakamako na biyu ya fito. Matarsa ta ci gaba da jinyarsa.

Magani kuwa, don Allah kada ku saya. Mai ƙaramin ciwo sau da yawa yana warkewa da kansa cikin wata guda ba tare da komai ba. Wanda ya wuce haka ko ciwon ya yi nauyi ana ba shi itirakonazol na mako 6 zuwa 12. Wanda ta zame masa ta dindindin a huhu ko ta yaɗu a jiki, shekara guda ne aƙalla. Wanda ya galabaita kuwa sai an kwantar da shi an fara da amfoterisin B ta jijiya na mako ɗaya zuwa biyu, ana lura da ƙodarsa. Itirakonazol yana taɓa hanta, ba a so ga mai ciki ko mai ciwon gazawar zuciya, yana rikici da magunguna da dama har da wasu na HIV, kuma maganin olsa yana hana kafso ɗinsa shiga jiki. Fulukonazol da ya cika kemis ba ya kai shi ƙarfi a wannan cutar. Wanne daga ciki ya dace da shi, sai wanda ya duba shi.

Ina buhunan da suka kwaso?

Uwar Biyu: Innalillahi. Wasu suna zaure, ya ce zai sayar wa masu lambu. Yara ma a wurin suke wasa.

Likitan Ƙirji: A hana yara zauren yau. Kada a buɗe, kada a jijjiga. A yayyafa wa buhunan ruwa su jiƙe, a zura kowanne cikin babbar leda a ɗaure, a fitar da su daga gida. Ƙasan zauren a jiƙa shi a goge, kada a share shi a bushe. Mai yin aikin ya sa takunkumi, kuma kada ya zama mai ciki, tsoho ko mai wata jinya.

Kafinta: Likita, Allah Ya ƙara basira. Wannan magana tamu ce mu masu aikin rufi. Babu tsohuwar makaranta ko masallaci ko gidan gwamnati da za ka buɗe silin ba ka tarar da shi ba, wani wurin har silin ɗin ya lotsa saboda nauyi. Warin kaɗai ya isa ya gaya maka. Mu abin da muka sani shi ne a sha madara bayan aiki ta wanke ƙirji. Wane irin takunkumi kake nufi? Irin na lokacin korona?

Likitan Ƙirji: Madara ciki take tafiya, Malam, ƙurar kuwa tana huhu, ba sa haɗuwa. Shuɗin takunkumin nan na asibiti da na yadi ba su isa ba, iska tana shiga ta gefe. Ka nemi mai lamba N95 ko FFP2, ya kama fuska ya zauna, ka matse ƙarfen hancin. Mai gemu ya sani gemu yana hana shi zama daidai, sai ya fi kowa dagewa kan jiƙawa. Jiƙawar ita ce uwa uba. Ka samu famfon feshi irin na manoma wanda aka wanke tas, ka zuba ruwa da ɗan sabulu don ya ratsa, ka fesa a hankali kafin ka taɓa, kana kwasa kana ƙara fesawa. A kashe wutar ginin tukuna saboda wayoyi. A ɗura a leda mai kauri, a ɗaure, a binne a rami mai zurfi nesa da gidaje. Kayan aikin a cire su a wurin, a jiƙa su kafin a kai gida, kada uwargida ta kakkaɓe su a tsakar gida.

Hedimasta: Ni wannan zance ya tayar min da hankali fiye da kowa. Azuzuwa uku a makarantarmu haka suke, kullum da safe baƙin gari ya zubo a kan benci ta ramukan silin, kuma yara ne ke sharewa. Daga gobe na hana. Amma ni a ganina a kashe jemagun kawai a huta. A rufe aji a fesa fiya-fiya ranar Juma'a, kafin Litinin an gama.

Ɗan Maraɗi: Mu nan wajenmu hayaƙin tonka ake yi musu, su fita duka. An yi ma lakwal ɗin garinmu hakanan.

Sista Mai Dare: Malam Hedimasta, don girman Allah kada ka yi. Fiya-fiya a rufaffen aji da yara za su zauna, ka gudu daga cuta ka faɗa guba. Mun sha karɓar waɗanda ta kwantar. Hayaƙi kuma a ƙarƙashin busasshen katako gobara ce. Kuma ko ka kashe su duka, tulin kashin yana nan, ka ƙara masa gawarwaki, yara su riƙa tsinta da hannu. Jemage ba abin taɓawa da hannu ba ne, yana iya ɗauke da dangin cutar haukan kare. Wanda ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya tafi asibiti.

Hajiyar Nima: Ni ma ban goyi bayan kisa ba. Ku zo Ankara, babban birnin Gana, ku ga jemagun da ke kan itatuwan gefen asibitin soja na 37, dubbai, da magariba sai sun rufe sama. Shekara da shekaru ana zaune da su. Irin waɗannan manya masu cin 'ya'yan itace su ne ke bi furen kuka da na ɗorawa da dare suna haɗa musu aure. Babu su, ina miyar kuka za ta samu sababbin itatuwa, ina kalwar daddawa? Ƙananan na cikin silin kuma ƙwari suke ci duk dare. Halittar Allah ce mai amfani, gidanmu ne kawai bai kamata su zauna ba.

Hedimasta: Hajiya, na ji, amma ni amanar yara aka ba ni, ba ta jemage ba. Idan ban kashe ba yaya zan yi su bar min aji?

Kafinta: Wannan kam aikina ne, Malam. Ka sa mutum biyu su tsaya gaba da bayan ginin daf da magariba, su ga ta inda suke fita. Yawanci ta bakin kwano ne, inda ya haɗu da bango, ko ta allon gaban rufi da ya ruɓe. Ramin da babban yatsanka zai shiga ya ishe su. Da rana a toshe duk sauran ramuka da siminti ko waya mai ƙananan ido, a bar babbar ƙofar tasu. A kanta a rataya raga ko leda mai kauri, a kafe sama da gefe, a bar ƙasa a sake, za su zame su fita amma ba za su iya komawa ba. Bayan 'yan kwanaki a toshe gaba ɗaya. Sai dai ka saurara da dare bayan manyan sun fita. Idan ka ji tsiwar 'ya'ya a ciki, ka jinkirta har su iya tashi, in ba haka ba za su mutu a ciki wari ya kore ku. Bayan sun tafi sannan a yi kwasar yadda Likita ya ce, lokacin hutu, ba ɗalibi ko ɗaya a harabar.

Ɗan Fadama: Ni dai har yanzu binnewar ce ba ta kwanta min ba. Taki mai kyau a haƙa rami a zuba? Idan na jiƙa shi sharkaf, na sa irin takunkumin da aka ce, na kai gona na juya shi cikin ƙasa da garma, me ya rage?

Likitan Ƙirji: Ka rage haɗarin sosai, ba zan ɓoye maka ba, kuma ya fi yadda ake yi yanzu nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne funfunar a ƙasa take rayuwa, ka kai mata sabon gida, kuma wata rana da rani wani zai yi kaftu a wurin. Albasar kanta ba ta ɗauke da cutar zuwa ga mai ci. A matsayina na likita binnewa zan ce. Idan ka ƙi, to kada ka shanya shi, kada ka daka, kada ka tankaɗe, kada ka ajiye a ɗakin da ake kwana, kuma kada ka sa yara ko mai jinya su watsa maka.

Hedimasta: Malam Kafinta, hutu saura 'yan makonni. Zan kai maganar gaban kwamitin iyaye da malamai ranar Asabar. Kafin nan zan mayar da yaran azuzuwan ukun ƙarƙashin rumfa in kulle ƙofofin. Ka turo min lissafin waya da siminti da leda ta akwatin sirri, ka sa har da kuɗin takunkumin yaranka, makaranta ce za ta saya.